Rawar Sitiyarin Nata'ala

Har yau ban san amsar ba: idan mutum ya kawo maka mota gyara, ka gano ciwon ba a jikin motar yake ba, shirunka riƙon amana ne ko ha'inci?

Malam Mailafiya ne ya kawo min motar garejina a Yalwawa, ɗansa na tuƙi. Shi ya koya min karatun allo tun ban san sifana ba. Ƙaramar bas ce ya saya wa ɗansa Nata'ala, yana jigilar ɗalibai da 'yan kasuwa tsakanin Dutse da Kafin Hausa, da ita yake ciyar da matarsa da jaririyarsu.

"Sani, fasinjoji na ƙorafi. Wai sitiyari rawa yake," in ji Malam.

Na hau titi da ita. Ina taka totur sitiyarin ya kama karkarwa a hannuna, ina ɗaga ƙafa ya lafa. Da taya ce ta rasa balansi, da ko na saki totur ba zai daina ba. Na dawo na ɗaga ta a jak, na shiga ƙarƙashi. Robar kan shaf ta ciki ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya ci ƙarfen. Na sa wani shaf ɗin, na cika shi da giris, na ɗaure. Ta tafi sumul.

*

Ba a jima ba Malam ya dawo. Hajiya Laraba, mai kai atamfofi Kafin Hausa, ta aiko masa cewa rawar na nan, musamman a lodin safe.

Washegari da sassafe na tuƙa ta da kaina, Nata'ala na gefena, ban ji komai ba. Na ce da Nata'ala ya karɓa. Yana taka totur motar ta fara 'yar tangaɗi. Na dubi sitiyarin, sannan na dubi abin da ke riƙe da shi. Yatsunsa rawa suke, gumi na bin wuyansa alhali rana ba ta ɗaga ba.

"Kawu, bari in tsaya in kurɓi shayi."

Ya tsaya wajen mai shayi. Na ga an miƙo masa wani abu a ƙarƙashin tebur, ya jefa baki, ya kora. Muka ɗan zauna. Da muka koma titi hannunsa ya tsaya cak kamar an kafe shi. Ya ba motar wuta, ya wuce wata tirela a kan kwana yana dariya.

"Ka gani, Kawu? Sai ta yi zafi take saituwa."

"Motar ko direban?"

Dariyar ta ɗauke. "Kowa a tasha yana sha. In ba haka ba wa zai iya sawu huɗu a wannan rana? Don Allah kar Baba ya ji."

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, lokacin da fasinjoji ke ƙorafin rawa, lokacin ne yake cikin hayyacinsa. Lokacin da suke yaba masa da iya tuƙi kuwa, a hannun ƙwaya suke.

*

Na sami Malam a zaurensa bayan an tashi ɗalibai. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa.

Yana jan carbi ya ce, "Mota na kawo maka, Sani, ba ɗa ba. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a gabana? Ka canja tayoyin."

"Allah ya gafarta Malam, tayoyin lafiyarsu ƙalau. Makullin za a karɓa, a kai shi asibiti."

"In karɓi makulli, mutanen unguwa su ce me? Iyalinsa su ci me? Ba zan karɓa ba."

Na tashi. Ban canja tayoyin ba, ban kuma sake magana ba. Kullum da safe ina ganin bas ɗin ta wuce cike da mutane, wani lokacin har da mai goyo a kujerar gaba, sai in sunkuyar da kai a kan aikina.

*

Ran wata Asabar da safe Malam da Nata'ala suka shigo garejin tare a bas ɗin. Malam ya biyo shi ne tun daga masallaci, bai bar shi ya tsaya ko'ina ba.

"Sani, ba ni ruwa."

Na cika kofi na miƙa. Bai karɓa ba. "Ba wa Nata'ala, shi ya miƙo min."

Nata'ala ya kama kofin da hannu biyu. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Kafin ya isa, rabin ruwan ya zube a kan takalmansa, sauran yana fantsama a gaban rigar mahaifinsa.

Malam ya karɓi kofin ya ajiye a kan wata tsohuwar taya. Ya kama hannayen ɗansa biyu ya damƙe, kamar zai tsayar da su. Ba su tsaya ba, sai ma nasa suka kama rawa tare da su.

Can ya saki ɗaya, ya zura hannu a aljihun Nata'ala ya ciro makullin. Ya juya shi a tafinsa, shi da bai taɓa zama bayan sitiyari ba.

"Sani, tsayar mana da mai adaidaita. Motar ta kwana a nan."