Farin Ɗigon da ke Kan Lasifikar Baba

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran rediyo, sai da ya tsufa kunnuwansa suka yi masa tawaye. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi ko sallama babu. Muka koma yi masa magana a rubuce, a wani littafi mai baƙin bango da ke rataye jikin kujerarsa. Bakinsa kuwa lafiya lau, har ƙarfi ya ƙara. In ya ce a miƙo masa ruwa, sai maƙwabta sun san Baba na jin ƙishirwa.

Ni ce auta, ni nake zaune da shi tun rasuwar Mama. Yayana yana can ƙarshen gari da matarsa da motarsa, kuma har yau ban san wadda ya fi so a cikinsu ba.

Rashin jin hirarmu bai dami Baba ba, ya ce dama yawancinta surutu ne. Abin da ke cin sa shi ne kaset-kaset ɗinsa, na kiɗan da suke saurara shi da Mama tun suna da ƙuruciya. Wata rana da hantsi wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu ba a kashe injinta ba, tagar falo tana ta karkarwa. Baba ya tashi ya dafa gilashin, ya daɗe a tsaye. Da ya juyo sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Auta," ya ce, "ƙara mai kauri ba kunne kaɗai ke jin ta ba. Ƙirji na ji, tafin hannu na ji. Wufa za mu haɗa."

Wufa ita ce babbar lasifikar nan da ke fitar da gurnanin kiɗa kawai, wadda matasa ke damun unguwa da ita. Ban taɓa zaton za ta shigo gidanmu ta hannun tsoho ba.

Ranar da muka je saye, Baba ya wahalar da mai shagon har na fara jin kunya. Lasifika bakwai aka sauko masa da su. Kowacce sai ya ɗaga ya ji nauyin maganaɗisunta, ya danna robar bakinta da babban yatsa, sannan ya zaro ƙaramin batir daga aljihu ya taɓa wayoyinta ya ga yadda take zabura. Mai shagon yana ta zuba yabon wata mai ƙyalƙyali, Baba ko kallon bakinsa bai yi ba. Na ce a raina, yau ka gamu da wanda daɗin bakinka ba zai ci ba. A ƙarshe ya zaɓi wata baƙa mai inci goma sha biyu, marar kwalliya, ya sa aka kunna ta, ya ɗora tafinsa a gefenta ya lumshe ido.

"Wannan ce. Ba ta gaggawa."

Da muka dawo gida ya ɗauko farin fenti ya ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyarta. Ya ce tunda ba zai ji ta ba, zai riƙa kallon ɗigon yana rawa.

Sati uku muka yi a kan akwatin katakon da za a zaunar da ita a ciki. Baba ya cika shafi huɗu da lissafi, don ya ce kowace lasifika da girman ɗakin da take so: in ya yi mata kaɗan ta shaƙe, in ya yi yawa ta yi ta lilo a banza. Ni ce mai riƙe katako, shi ne mai zarto da faɗa. Muka haɗa da gam da sukuru, muka shimfiɗa audugar tsohon matashi a ciki, muka zaunar da lasifikar a gurbinta aka liƙe kewayenta tsaf. Ya kunna kyandir ya bi kowace kusurwa da shi yana danna lasifikar a hankali, wai in harshen wutar ya motsa to iska na zurarewa. Bai motsa ba. A satin ƙarshe Baba ya ci abinci fiye da yadda ya ci a wata guda, har waƙa na ji yana yi, ba kan gado.

Yana da doka ɗaya da ya daɗe yana faɗa mana tun muna yara: akwatin da aka liƙe ba a sake buɗe shi, in an buɗe ba ya komawa daidai. Ni na san dokar. Yaya ma ya san ta.

Saura amfilifaya, wadda za ta ba ta ƙarfi, sai bayan kwana biyar za a kawo. A tsakanin nan Yaya ya zo gaisuwa. Ya zagaya akwatin sau biyu yana shafa shi, sannan ya ja littafin ya rubuta: "Baba, katako tsirara a falo? Bari in kai wa mai kushin ya sa masa riga." Baba ya yi murna har da sa masa albarka. Ni da kaina na kama masa muka saka a mota.

Ya dawo da shi bayan kwana uku, an lulluɓe shi da baƙin yadi har fuskar, an bi da ƙusoshi reras. Na ce, "Yaya, ai an rufe ɗigon Baba." Ya ce, "Ke dai ba ki san kaya ba, ƙura ake tsare mata." Na bar maganar, don ya yi kyau kam.

Ranar da aka kawo amfilifaya Baba ya yi wanka ya sa turare kamar mai jiran baƙo. Ya zaɓi kaset, ya jawo kujera, ya ɗora tafinsa. Na kunna. Abin da ya fito ko ni mai kunne ban gamsu ba, wani kaf-kaf ne kamar ana kaɗa kwali. Baba ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya matsa da ƙirjinsa, ya juya hannu, ya sa ɗaya hannun. Can ya ce in kashe.

Kwana shida yana bin lissafinsa layi-layi. Na rubuta masa cewa mu buɗe mu duba, ya girgiza kai. "Lasifikar lafiyarta ƙalau, ni na zaɓe ta. Ko dai lissafin ya kuɓuce mini, ko hannun ma ya bi kunnen." A rana ta bakwai ya tattara zarto da awo da batirinsa ya zuba a buhu, ya ce in ba duk mai so. Abinci ya koma tsakura. Na ji tausayinsa har na riƙa ɓuya a kicin ina kuka.

Ranar da za mu koma wurin likitan kunnen Baba, Yaya ya zo ɗaukar mu. Baba na baya, ni ina gaba. Muna hawa titi Yaya ya kai hannu ya kunna kiɗa, don shi ba ya iya tuƙi shiru. Motar ta ɗauki wani gurnani mai taushi, har cikin haƙarƙarina. Na waiga don in ga ko Baba ya takura. Na tarar ya manna bayansa da kujera, tafinsa a shimfiɗe a kanta, idonsa a lumshe, irin lumshewar da ya yi a shago.

"Tsaya," ya ce.

Yaya ya yi wuf ya kashe kiɗan. "Ce masa mun makara."

"Na ce ka tsaya. Buɗe but ɗin motar."

Muka tsaya a gefen titi, kusa da mai facin taya. Yaya ya fito yana ta lalube a makullai kamar yau ya fara ganin su. Da murfin ya ɗaga, ga lasifikar Baba nan a wani ɗan akwati da aka yi wa jan kafet, farin ɗigon yana kallon mu.

Na juya gare shi. "Yaya, me ka saka mana a gida?"

"Wata ce, ita ma sabuwa ce fa." Ya rage murya, ko da yake babu dalili. "Auta, ki yi wa Allah ki duba. Mutumin nan ba ya ji. Wannan da waccan duk ɗaya ne a wurinsa. Kaya mai kyau haka ya zauna a falo a banza?"

Ban taɓa jin na tsani wani kamar yadda na tsane shi a lokacin ba. Da a ce sata kawai ya yi, da na iya haɗiyewa. Amma ya zo gidan sau biyu a satin nan, ya ga tsohon a duƙe kan lissafi, ya ga buhun kayan aiki a bakin ƙofa, ya sha shayinsa ya tafi.

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, kuma bai nemi littafin ba. Ya sunkuya ya auna ɗan akwatin da tafin hannu, tsawo da faɗi da zurfi. Ya danna robar lasifikar da babban yatsa, a hankali. Sannan ya miƙe, ya yi magana da muryar nan tasa da ba ta san sirri ba, har mai facin taya ya ɗago kai.

"Ɗakin ya yi mata kaɗan. A shaƙe take, ba za ta kai wata uku ba za ta tsage." Ya dubi Yaya. "Da ka tambaye ni, da na haɗa maka wanda ya dace da ita."

Yaya ya buɗe baki. Baba ya riga ya juya gare ni.

"Auta, ashe lissafina daidai ne. Kada ki ba kowa buhun nan." Ya gyara hularsa. "Tare mana wata motar."