Lungun da Mota Ba Ta Shiga

Ni ke tuƙa motar ƙungiyar agaji ta masallacinmu. Bayan ambaliyar da ta ci unguwannin bakin kogi, kwana tara na yi ina jigilar katifu da barguna da buhunan hatsi. Ƙungiyar matan coci ma da tata motar. Idan muka yi kiciɓis da direbansu, wani dogo mai yawan barkwanci, sai ya leƙo ya ce in rage gudu, ladan ba tsere ake yi a kansa ba.

Ranar Asabar da hantsi magajin gari ya kira taron addu'a a zauren majalisa. An jera kujerun roba, fanka biyu kacal ke juyawa. Liman da fasto suna gaba, kansiloli a gefensu, mu direbobi muka tsaya bakin ƙofa. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi tasa, kowa ya amsa yadda ya saba. Daga nan aka ce kowace ƙungiya ta karanto layukan da ta kai wa taimako, a sa su cikin addu'a. Sakatarenmu ya karanta goma sha ɗaya. Shugabar matan coci ta karanta tara, kusan duk suna cikin namu.

Ana shirin rufewa wata dattijuwa ta miƙe daga baya. Na santa, ɗinki take yi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, ban ji an ambaci lungun bayan gareji ba. Gida goma sha huɗu ne. Ko katifar ba ta samu ba, a sa mu a addu'ar."

Magajin gari ya dubi sakatarenmu, shi kuma ya hau jujjuya takardu. Ni na san dalili, domin sau biyu ina isa bakin lungun, in ga mota ba za ta shiga ba, in juya da niyyar zan faɗa, gajiya ta mantar da ni. Na waiga, sai na ga dogon direban yana kallon takalminsa.

Na ɗaga hannu na faɗi abin da ya faru. Dogon direban ma ya ce haka ya yi. Na zaci faɗa za a yi mana. Liman dai ya tambaya ko akwai sauran kaya a sito, shugabar matan ta ce suna da barguna amma katifu sun ƙare, sakatarenmu ya ce mu katifu ne suka rage mana.

Aka yi wa lungun addu'a, sannan magajin gari ya ce jawabinsa zai iya jira.

Mun ajiye motocin a bakin gareji, aka yi layi ana miƙa kaya hannu da hannu. Fasto ya zame a taɓo, wani kansila ya taro shi. Magajin gari ya ɗauki katifa ɗaya, ya kai ta gida na uku, ya zauna a dakali yana haki.

Da na kai wa dattijuwar tata, na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce ba komai, in jingina ta can jikin bango, ƙasan ɗakin bai gama bushewa ba. Sannan ta nuna mini gidan wata mai jego a ƙarshen lungun, ta ce can zan fara kai bargo.