Gorar da ke Ƙarƙashin Katako

Duk shekara a ƙarshen Disamba, masu kula da madatsar ruwa sukan rage tafkin, ruwa ya ja baya ya bar laka mai wari. A nan ne mazan garin suke tashi da aikin da suka fi iyawa bayan surutu. Su bi gida-gida su kwashe bishiyoyin Kirsimeti da aka yar, su ɗaura musu bulo, su kai su nutsar, don wani kifi da ake kira kirafi ya taru a cikin rassan. Kowa yana ɓoye inda ya ajiye nasa, domin da zarar ruwa ya rufe itace, duk wanda ya gano shi ya zama nasa.

Odessa Pruitt ta baro jami'a ta dawo gida jihar Mississippi saboda mahaifinta Delmar, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. Hannun hagu kaɗai ya rage masa, magana kuma sai da ƙyar. Ƙanensa Hoyt ya zo dubiya sau ɗaya, ya tafi da kwale-kwale, wai kada ya lalace a ajiye. Ya kuma mallake matattarar kifi goma sha ɗaya da Delmar ya yi shekara ashirin yana ginawa a cikin tafkin. Yanzu tsohon sai dai a tura shi kan dandamalin katakon da ya shiga cikin tafki a bayan gida, ya wuni yana kallon laka. Abinci ma ya fara kau da kai. Odessa ta ga alamar mutumin da ya gama da duniya, ta ce ba ta yarda ba, sai ya sake jan kifi da hannunsa.

Ta kwaso bishiya talatin a akori-kura, ta riƙa jan su ɗaya-ɗaya cikin laka har taku hamsin daga gaɓa, a fili inda kowa zai gani daga titi. Rana ta uku Hoyt da abokinsa Buford suka tsaya da mota, kowa riƙe da kofin kofi.

"Malama mai digiri!" in ji Hoyt. "Noma aka koma? A jami'ar ne ake koyar da shuka bishiya a bulo?"

"Ina kwana, Baffa. Ashe ba ka manta hanyar gidan nan ba."

Buford ya ƙyalƙyale da dariya. "Hoyt, yarinyar nan ta shafa maka barkono."

"Ƙyale ta, ta yi ta wahala. In ruwa ya dawo ma taya ta girbi."

Ta san da gaske yake, shi ya sa ma ta yi masa gonar don ta zama tarko. Bishiyoyin da suka fi cunkoson reshe ta zaɓa, ta naɗe su da tsohuwar wayar shinge, irin tarkacen da ke cinye ƙugiya.

Aikin gaskiya yana ƙarƙashin dandamalin, inda babu mai sunkuyawa ya duba. Ta saro gora a bakin rafi, ta kwaɓa siminti a bokiti, ta caccaka gorar a ciki tana baje kamar yatsu. Gora santsi gare ta, ba ta riƙe ƙugiya, mai hannu ɗaya kuwa in zarensa ya tsinke ba zai iya ƙulla wani ba. Tsawon kuma ta auna shi da tabon da ruwan bara ya bari a jikin ginshiƙai. Bokiti ashirin da biyu ta ja da rarrafe, gwiwa cikin laka mai sanyi kamar ƙanƙara, siminti ya farfasa mata tafin hannu har riƙe cokali ya zama aiki. Ba ta ce wa kowa uffan ba. Da ta gama, ta buga katako a gefe-gefe yadda hancin kwale-kwale ba zai kutsa ba, ta yanke rami a tsakiyar dandamalin.

A Afrilu ruwa ya dawo. Tun da hantsi Hoyt da Buford suka iso a kwale-kwalen Delmar, suka tsaya daidai kan bishiyoyin, ko kunya babu. Odessa ta turo mahaifinta bakin ramin, ta soka ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya, ta sa masa sandar a hannun hagu.

Awa guda babu motsi. Daga can kwale-kwalen sai zage-zage ke tasowa.

"Ta sake maƙalewa!" in ji Hoyt. "Ƙugiya ta bakwai ke nan!"

"Ja da hankali mana, uban masunta," in ji Buford.

Odessa ba ta ko yi dariya ba, idonta na kan zaren mahaifinta. Kansa ya soma saukowa kan ƙirji. Idan ya saki sandar nan, ta san ba zai ƙara karɓa ba.

Sai zaren ya yi gefe. Delmar ya ɗaga, sandar ta lanƙwashe, kifi ya taso fari sol da ɗigo-ɗigon baƙi, faɗinsa ya kai faranti. Yana isowa bakin ramin ya bugi katako, ya suɓuce ya koma.

Odessa ta kai hannu za ta karɓi sandar. Tsohon ya riƙe gam, ya harare ta da idon da ta sani tun tana ƙarama.

"Cika," ya ce, kalmar ta fito a karkace. "Sa wani."

Ta durƙusa ta soka wani ɗan kifin a ƙugiya. Kifin da ya kama na biyu bai tsere ba. Ya faɗo kan katako yana tsalle a gefen ƙafar Delmar da ba ta motsi.

Hoyt ya miƙe tsaye cikin kwale-kwale yana leƙe. "Ke Odessa! Me kuka ajiye a ƙarƙashin nan?"

Ba ta waiwaya ba. Mahaifinta yana nuna mata kifin da haɓa, yana ƙoƙarin haɗa magana, ta matso da kunne.

"Garin masara," ya ce. "Da mai. A soya. Yau."