Ramukan da Furofesa Ya Toshe

Da Furofesa ya yi ritaya, sai ya rasa wanda zai gyara wa kuskure, ya koma kan lambun bayan gida. Lambun a gangare yake, duk damina ƙasa na zubowa har ƙofar kicin. Ya kira wani tsohon magini ya tare tudun da katangar dutse zalla, ba siminti, ba laka.

Maginin ba ya gaggawa. Sai ya juya dutse sau uku kafin ya kwantar da shi, kuma ya bar ramuka tsakani.

"Malam, katanga ce wannan ko rariya?" in ji Furofesa.

"Ranka ya daɗe, ta nan ruwa zai fita. In ka hana shi hanya, shi zai yi wa kansa."

Furofesa ya yi masa murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya zo jarrabawa da ƙarfin hali kawai.

Inna, mahaifiyarsa, ta sa aka kai kujerarta gindin katangar. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Inda aka ajiye ta da hantsi, nan take har la'asar. Ranar da ta ga wutsiyar wani abu ta shige rami, ta ce, "Duk karatun nan naka, macizai ka gina wa masauki a kaina?"

Washegari Furofesa ya kwaɓa siminti da hannunsa, ya toshe kowane rami, ya shafe sumul. Har hoto ya ɗauka.

Aka kwana huɗu ana ruwa. Rana ta biyar gari ya washe, aka fito da Inna wurinta. Furofesa ya tsaya daga gefe yana yaba aikinsa, sai ya ga tsakiyar katangar ta turo gaba, daidai saitin kan Inna. Wata siririyar tsaga ta bi simintin daga sama har ƙasa. Ya kira maginin a waya.

"Ruwa na fita?"

"Ko ɗigo."

Maginin ya ce, "Akwai mai zama a gindinta?"

"Tsohuwata."

"Kada ka taɓa dutse ko ɗaya. Ɗauke ta. Yanzu."

Furofesa ya taka wurinta a hankali. "Inna, mu shiga ciki, akwai sanyi."

"Sanyin me? Yanzu na fara jin rana a bayana."

Tsakuwa ɗaya ta faɗo cikin kofin shayinta.

"Inna, na yi kuskure. Katangar za ta faɗi."

Ta dube shi sosai. "Shekara sittin ina jiran wannan maganar. Maimaita, kunnena ya yi nauyi."

Bai maimaita ba. Ya sungume ta, ya ji ba ta fi ɗaurin itace nauyi ba. Suna kan matakalar kicin ta biyu ya ji duwatsu sun fara goga juna a bayansa, a hankali, kamar mai cizon haƙora. Bai waiwaya ba.

"Ka baro takalmina," in ji Inna.