Wasan Tubali a Rumfar Na-Allah

Mushe Issufu, wato Malam Issufu mai koyarwa a makarantar boko, ya dawo Malanbil a bayan wata babbar mota mai ɗauke da siminti, cikin daminar shekarar da malaman makaranta suka yi dogon yajin aiki. Wata bakwai ke nan da wasu masu kaki suka zo har gida suka tafi da shi, saboda an ce yana cikin masu rubuta takardun da ake rabawa a ɓoye. Ba wanda ya san inda aka kai shi, kudu kawai ake cewa. Direban da ya kawo shi ya ce a tashar Paraku ya tsince shi zaune, ya gane shi don ya taɓa koyar da 'yarsa, amma tun daga can har bakin kasuwa bai ce masa komai ba ban da godiya.

Matarsa Marka ta yi kuka, ta yanka kaza, maƙwabta suka cika gidan da barka. Issufu ya karɓi gaisuwar kowa da kai. Mutumin da a da ake jin muryarsa daga aji har bakin titi, yanzu sai an sunkuya ake jin abin da ya ce. Hannunsa na dama yana rawa, in ya ɗauki kofi sai rabin ruwan ya zube. Bai son a rufe ƙofa, bai kuma son a tsaya masa ta baya. Lokotoro ya duba shi ya ce jikinsa ba wani ciwo, ya ba shi ƙwayoyin barci. Uwarsu Na'inna ta zo daga Garu da rubutu da turare, ta yi kwana goma ta koma don aikin shinkafa.

Ƙanensa Na-Allah mai gyaran rediyo ne, rumfarsa tana gefen kasuwa kusa da inda manyan motoci ke jiran takardun duwan, wato kwastan, kafin su haye gada zuwa Gaya. Shi bai yi karatun lakkal mai nisa ba, Issufu ne aka zaɓa ya yi karatu, amma duk garin an san ba abin da ke da waya a ciki da zai gagare shi. A wannan shekarar wani ɗan kasuwa daga Kamba, Maigandi, ya sayar masa da wani ɗan akwatin roba, fari da ja, wanda ake haɗawa da tele a yi wasa a ciki. Yana da abin riƙewa guda biyu masu maɓallai, da kaset ɗaya mai wasanni huɗu. Na-Allah ya haɗa shi da tsohuwar tele baƙi-da-fari da batirin mota, ya ajiye benci. Kafin sati biyu rumfar ta zama wurin zaman direbobi da 'yan dako da samarin da yajin aiki ya rufe musu makaranta. Dala biyar ake biya a yi zagaye ɗaya. Tseren mota aka fi so, sai ƙwallo. Akwai direbobin da takardunsu suka fito tun safe amma ba su tashi ba sai la'asar, wai sai sun rama cin da aka yi musu.

Marka ce ta roƙi Na-Allah ya riƙa fita da wansa, ko iska ya sha, don zaman ɗakin yana neman kashe su su biyun. Ranar farko Issufu ya zauna a ƙarshen benci, bayansa jingine da bango, bai kalli kowa ba. Rana ta uku, da azahar, mutane sun tafi masallaci, Na-Allah yana gwada kaset ɗin sai ya faɗa kan wasa na huɗu, wanda ba mai so. Wasu tubala ne masu siffa iri-iri ke gangarowa daga sama, mutum ya juya su ya jera su, in layi ya cika sai ya ɓace, in suka taru har sama an ci mutum. 'Yan kasuwa suna ce masa wasan magina.

Na-Allah ya jefa wani dogon tubali inda bai dace ba. Sai ya ji murya a bayansa.

"Ba nan ba. Da ka aje shi gefe."

Ya juya. Idon Issufu yana kan tele. Na-Allah ya miƙa masa abin riƙewar, ya nuna masa maɓallin juyawa da na saukarwa, ya koma kan wata rediyo da yake gyara kamar ba abin da ya faru. Ta gefen ido yake kallonsa. Da farko babban yatsan yana zamewa. Can sai ya ga hannun ya tsaya cak, rawar ta tafi.

Daga ranar Issufu bai ƙara jira a zo ɗaukarsa ba. Da hantsi zai iso, ya zauna har masu tseren mota su gaji, sannan ya karɓa. A hankali mutane suka fara barin masa tsakar rana, suna tsayawa kallo, amma ta gefe, don Na-Allah ya gargaɗe su. Ba wanda ya taɓa kai inda yake kaiwa. Tubalan sukan yi gudu har ido bai iya binsu, shi kuwa fuskarsa ba ta motsi, yatsun kawai ke aiki. Wani direba Bukari, mai yawan surutu, ya rantse cewa Mushe yana ganin tubalin tun kafin ya fito. Marka ta koma kawo abincin rana rumfar, ta ce a nan yana cinye kwano, a gida kuwa sai loma uku.

Wasan yana da wurin mutum biyu, su yi gini ɗaya tare. Idan kasuwa ta yi sanyi sai 'yan'uwan su zauna kafaɗa da kafaɗa. A nan ne Issufu ya fara magana. Ba ya kallon ƙanensa, idonsa na kan tubala, maganar tana fitowa guntu-guntu. Ya ce ɗakin da aka sa su bai kai rumfar nan ba, su goma sha ɗaya. Wata rana ya ce akwai wani ɗalibi daga Kandi da ke yi musu waƙa, daga baya aka fitar da shi bai dawo ba. Wata rana kuma ya faɗi yadda aka yi da hannunsa. Da zarar an ci su wasan ya tsaya, maganar ma sai ta tsaya, ko da a tsakiyar zance ne. Na-Allah ya koyi yin wasan da kyau don kawai ya ja lokaci.

Haka suka yi wata huɗu. Marka ta gaya wa Na-Allah cewa Mushe ya ɗauki 'yarsu Safi ya ɗora a cinya, ya tambaye ta ƙidaya da Faransanci. Ta faɗi haka tana dariya, tana share ido da bakin mayafi.

Wata Alhamis, suna tsakiyar gini, Issufu ya ce, "Sunayen mutum ukku na ba masu kakin nan."

Na-Allah ya ci gaba da danna maɓalli.

"Biyu sun riga sun tsere, na san da haka. Na ukkun shina gida da iyalinai. Ka san shi, Na-Allah. Ya ci tuwo gidanmu."

Hannun Na-Allah ya kuskure, tubali ya toshe hanya, wasu suka hau kansa, kafin su gyara ginin ya kai sama. Issufu ya ajiye abin riƙewar a kan benci, ya tashi ya tafi gida.

Washegari Juma'a ce, kasuwa ta cika. Batirin rumfar ya yi sanyi, Bukari ya ciro na motarsa ya ara masa. Mutane shida suna jiran layi, wata mata tana masa faɗa a kan rediyonta, hankalinsa kuma yana kan maganar jiya, yana ta lissafin malaman da suka taɓa cin abinci a gidansu. Batirin Bukari ba irin nasa ba ne, kawunansa a juye suke. Na-Allah, wanda ya shekara goma sha biyar yana wannan aiki, ya maƙala wayoyin ba tare da ya duba ba. Aka ji ɗan ƙara, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, da warin roba.

Ya buɗe shi nan take. Ya canza duk abin da ya san yadda ake canzawa. Tele ta tashi, amma akwatin bai tashi ba. Akwai wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa a tsakiyar allon, ya kumbura ya tsage, kuma bai taɓa ganin irinsa a cikin rediyo ko tele ba.

Da Issufu ya iso ya ga akwatin a buɗe, Na-Allah ya ce ƙaramar matsala ce, gobe zai tashi. Ya rufe rumfa ya haye Gaya, masu gyara suka juya abin a hannu suka girgiza kai. Ya tafi Kamba neman Maigandi, aka ce ya yi Legas, ba a san ranar dawowarsa ba. Na-Allah ya kai har Doso yana neman abin. Ya ba direbobin Kwatano saƙo, ɗaya ya dawo masa da wani abu da bai shiga ba, sauran suka manta. Kullum Issufu zai zo da hantsi ya zauna a wurinsa, ya kalli tele a kashe, kullum kuma Na-Allah zai ce masa gobe ko jibi. Ya gwada kawo masa dara, ya gwada karta. Issufu bai taɓa su ba. Rawar hannun ta dawo, har ta fi ta da.

A rana ta goma sha tara Na-Allah ya buɗe baki zai yi magana, Issufu ya riga shi.

"Ka bar ce mini gobe. Can ma gobe aka ce muna kullum."

"Yaya, ni na ƙona shi. Da hannuna. Ban duba ba."

Issufu ya dube shi, karon farko da ya dube shi ido cikin ido tun dawowarsa. Ya ce ba komi, abin roba ne. Ya tashi ya tafi, bai ƙara zuwa rumfar ba.

Bayan 'yan watanni al'amura suka canza a ƙasar. Rediyon da ke rumfar suka cika da labarin babban taron da ake yi a Kwatano, aka ce mulkin soja ya zo ƙarshe, aka buɗe makarantu. Samarin da ke zaman benci suka koma aji. Takarda ta zo ana kiran Mushe Issufu ya koma bakin aiki. Marka ta wanke masa riga ta goge, ta raka shi har ƙofar lakkal. Ya tsaya a bakin ƙofar yana jin hayaniyar yara, ya daɗe, sannan ya juya. Ba ta ƙara matsa masa ba. Daga nan ya daina fita ko tsakar gida, wani lokaci sai ya yini bai ce uffan ba. Na'inna ta zo ta ce a ba ta shi ta tafi da shi Garu, ko ganin gulbi da gonaki zai yi masa amfani. Marka ta bi shi ta yi wata biyar, daga baya ta kwashi Safi ta koma gidan iyayenta a Madekali, ta ce za ta riƙa zuwa. Ta riƙa zuwa ɗin, da farko duk sati, daga baya sai da salla.

Sai da shekara ta zagayo Maigandi ya bayyana da kaya, a ciki har da akwatin wasa guda uku, sababbi, da kaset mai wasanni sittin da huɗu. Na-Allah bai yi ciniki ba. Ya zauna ya bi wasannin ɗaya bayan ɗaya har ya sami na tubali. Washegari da safe ya ɗaure tele da batir da akwatin a bayan moto, wato babur, ya kama hanyar Garu.

Ya tarar da wansa a zaune ƙarƙashin rumfar kara, ya rame, gemunsa ya yi fari, buhunan albasa jere a gefensa. Na-Allah ya gaishe shi, ya haɗa kayan a gabansa, ya duba wayoyin sau uku kafin ya maƙala. Kiɗan wasan ya tashi. Kafin a jima mutanen unguwa sun kewaye su, manya da yara, ana ture-ture. Ya sa abin riƙewar a tafin hannun Issufu ya naɗe masa yatsu a kai.

Tubali na farko ya gangaro ya zauna a tsakiya. Na biyu ya hau kansa, na uku ma haka. Issufu yana kallo, yatsunsa ba su motsa ba, har ginin ya kai sama. Na-Allah ya sake kunnawa, ya ɗauki ɗaya abin riƙewar ya zauna kusa da shi ya fara yi shi kaɗai, yana jira. Sau biyar ya sake.

"Kashe shi," in ji Issufu. "Mutane sun yi yawa."

Na'inna ta kori jama'a, aka sake gwadawa bayan azahar su biyu kawai. Issufu ya ajiye abin a kan tabarma, ya kwanta ya juya fuskarsa wajen zana. Na-Allah ya so ya bar kayan a can, amma uwar ta ce ba mai iya cajin batir a garin, kuma yara za su lalata. Ta ce ya tafi da abinsa ya nemi abincinsa, Allah ya ga ƙoƙarinsa.

Ya koma Malanbil kafin la'asar. Sabon akwatin ya yi kasuwa fiye da na farko, har ya ƙara benci biyu da tele mai kala. Duk Laraba yakan je Garu da sukari da sabulu, ya zauna kusa da wansa awa ɗaya ko biyu. Wani lokaci Issufu yakan amsa gaisuwa, wani lokaci a'a. Shekara shida aka yi a haka, sannan zazzaɓin damina ya yi ajalin Issufu cikin kwana uku, Na-Allah yana Kamba sayen kaya.