Gwajin Bayan Maccido

Injin ban-ruwan Alhaji, ubangidan Maccido, ne ya kuɓuce wa masu ɗauka a bakin magudanar ruwa, ƙasan dam ɗin Goronyo, ya danne Maccido a gadon baya. Tun ranar ƙafafunsa ba su motsa ba.

Likita Rufus ya bi jikinsa da auduga da tsinin allura, daga wuya har tafin ƙafa, ya ce raunin matakin A ne, wato laka ta daina kai saƙo ɗungurungum. Motar asibiti za ta Sakkwato, gado ɗaya gare ta, kuma wanda aiki zai fi yi wa amfani za a ɗauka. Maccido sai gida.

Uwarsa Kaltume ba ta san A ba, amma ta san gida. Ta faɗa ofis ko sallama babu.

"Mi kac ce? In kwashe shi shi ruɓe bisa tabarma? Injin Alhaji ya karya shi, ku kuma ku ida shi?"

"Inna, zauna."

"Ba ni zama! Jiya da nig gasa mai ƙugu da ruwan zahi sai da yac cije leɓe. A sake gwaji."

Rufus ya aje biro. "Akwai gwajin ƙarshe, can wajen mafitar bayan gida. In yana ji a wurin, lakar ba ta gama yankewa ba, B ne. Ɗanki ya damƙe wando, ya rantse ba ya jin komai, wai kada in wahala."

Nan Kaltume ta gane kunyarta ya ji. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ita ce kuwa ta tsaya ƙiƙam a kansa har aka gama gwajin, don kada a cuce shi.

Ta koma ɗakin marasa lafiya, ta fuskanci bango.

"A hwaɗa ma wancan mai taurin kan, ni na hita. In yas sake ƙarya, kunyar ta yi mai jinya, ba ni ba."

Ta zauna a baranda tana zagin Alhaji ƙasa-ƙasa. Can sai ga Rufus yana cire safar hannu.

"Yana ji, Inna. B ne. Ban ce zai taka ba fa."

"Ban tambaye ka ba. Ana sa shi mota ko ba a sa shi?"

"Za a sa."

Ta miƙe, ta gyara lulluɓi, ta tafi ɗauko ƙullin kayansa.