Motar da Aka Baje a Tsakar Gida

Tun da waya ta shiga aljihun kowa, sana'ar Mai Agogo ta mutu a tsaye. Yakan buɗe rumfarsa da safe, ya goge gilashin akwatinsa, ya zauna har la'asar ba wanda ya miƙo masa ko agogon bango. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana ci da gida da ɗan hantsaki da madubin ido ɗaya, sai ga shi matarsa ce ke ɗora tukunya da wankau da gugar maƙwabta. Bai taɓa furtawa ba, amma abin yana cin sa a rai.

Abu ɗaya ya rage masa, motar kawunsa. Tsohuwa ce baƙa, mai ƙoƙon baya da manyan fitilu kamar idon bijimi, da bamba mai ƙyalli gaba da baya. Da kawun ya rasu, magada suka kwashe abin da ke da amfani, suka bar masa ita don ba mai son wahalar ja. Aka turo ta ta babbar ƙofa aka ajiye a tsakar gidan da yake haya. Nan ta yi shekara da shekaru, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Wata rana wani mai ba da hayar tsofaffin motoci ga masu ɗaukar hoto ya hango ta ta ƙofa. Ya shigo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa jikinta, ya ce irin wannan ta yi wuya yanzu. In Mai Agogo zai kawo masa ita da ƙafarta, tana tashi tana tsayawa, zai sa ta haya su riƙa raba abin da ta samo. Bai ba da komai ba sai wannan magana, ya tafi. Mai Agogo kuwa ya riƙe maganar hannu bibbiyu.

Ba shi da abin biyan bakanike. Ƙanin matarsa bakanike ne, amma yaron wani ne a gareji, lokacinsa ba nasa ba ne. Ya dai leƙo, ya buɗe gaban motar, ya ba da shawara a taɓa injin kawai, a bar sauran yadda suke. In ta tashi, sai a ga abin da ya biyo baya.

"Mota ai agogo ce babba," in ji Mai Agogo. "Haƙori ne ke juya haƙori."

"To Yaya, in ka gama sai ka ɗaura ta a hannu mu ga ƙarfe nawa."

Mai Agogo bai yi dariya ba. Shi aiki ɗaya ya sani, kuma hanya ɗaya ya san ana yin sa. In an kawo masa agogo, yakan kwance shi kaf, ya jera kayan cikin a kan farin ƙyalle daga hagu zuwa dama yadda suka fito, ya wanke kowanne, sannan ya mayar daga dama zuwa hagu. Ba ya rubutu, ba ya alama. Jerin shi ne tunaninsa. Gyaran rabi da rabi kuwa a wurinsa ha'inci ne. Wannan hali ne mai kyau, shi ya sa masa albarka a rumfa. Amma agogo a zama ɗaya ake kwance shi a ɗaure, a kan tebur ɗin da ba mai taɓawa, mota kuwa ba haka take ba. Mutum ya iya abu ɗaya ƙwarai, sai ya ɗauka duniya duka a kan abin nan aka gina ta.

Ya aro jak, ya ɗaga motar, ya jera bulo a ƙarƙashinta, ya mayar wa mai jak kayansa. Ya roƙo kwalaye daga masu shaguna, ya farke su ya shimfiɗa a ƙasa. Sannan ya fara kwancewa. Tayoyi suka fita, da sifirin, da ƙarafan da ke riƙe tayoyin gaba, da lagireto, da tanki. Injin ya koma ɗaruruwan ƙananan abubuwa. Kowace kusa da notinta da washarta, kowacce a gurbinta a layi. Layin ya taso daga bakin ɗakin girki, ya bi gindin katanga, ya karya ta gaban banɗaki, ya dawo.

Aikin kam ya yi kyau, ba a raina masa. Tsatsa da toka da lemon tsami ya goge ta har ƙarfe ya fito fes. Kananzir ɗin wanki yakan tace shi da tsumma ya sake amfani da shi har sai ya koma baƙi ƙirin. Inda ake bukatar shimfiɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya tsiyaye, ya yanko ta daga fatar tsohuwar jaka. Babbar 'yarsa ta ɗinka wa kujeru riga da tsohon labule. Ƙananan sukurori suka cinye farantan gidan, har da tiren da matar ke ajewa don baƙi.

Gidan ya koma wurin tafiya da sanɗa. An hana shara, an ɗaure kaji. Matar, da sana'arta ke bukatar fili da ruwa, ta koma wanki a wani ɗan lungu bayan ɗaki, tana shanya a saman katanga. Ta yi ƙorafi sau ɗaya, ta ce ko makabarta ana barin hanyar wucewa. Ya ce ta ƙara haƙuri, wannan motar ce za ta raba hannunta da ruwan sabulu. Ta dubi hannun nata da ya tsattsage, ta koma kan wankinta.

Ana cikin haka mai gidan hayar ya zo. Ba mugun mutum ba ne, nasa lissafin yake yi. Ya ce zai gina shaguna a gaban gidan daga wannan kusurwa zuwa waccan. Babbar ƙofa za ta tashi, a bar 'yar ƙofar da mutum zai wuce. Ya dubi gangar jikin motar a kan bulo, ya dubi abin da ke baje a ƙasa, ya ce zai sa magini ya fara daga can nesa, ya bar ƙofar sai ƙarshe. Iyakar abin da zai iya ke nan.

Daga ranar Mai Agogo ya daina zuwa rumfa. Da safe ya leƙa ya ga inda gini ya kai, ya dawo ya duƙa. A ransa yana ganin zai cim ma lokaci, don wankin ƙarafa ya ƙare, saura mayarwa, kuma mayarwa a wurinsa bin layi ne kawai. Abin da ya tsayar da shi zoben fistan ɗaya ne da ya karye. Aka ce masa akwai wani mai tsofaffin kayan mota a can ƙarshen gari. Ya tafi da ƙafa, da hantsi, sama fara tas.

Bayan azahar hadari ya taso. Matar na guga ta ji iska ta buga ƙofa, ta fito ta ga kwalaye na ɗagawa. Kafin ta yi wani tunani ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gidan gangare ne zuwa magudana, ruwan ya taru ya fara jan kwalayen da abin da ke kansu. Ta ga notoci na gangarawa suna faɗawa rami. Ta kira 'ya'yanta mata, suka fito da baho da bokiti da kwando, suka shiga kwasa da hannu bibbiyu, duk abin da suka taɓa su jefa. Ita ta durƙusa a bakin magudanar ta tare da zaninta. Da ruwan ya ɗauke, kusan komai yana ɗaki, a jiƙe, a cakuɗe cikin baho uku.

Mai Agogo ya dawo da zoben a aljihu. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon siminti wankakke, babu layi, babu kwali. Ya shiga ɗaki ya ga bahunan.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Malam, ruwa ne ke tafiya da su."

"Da kin bar su. Da ruwan ya tafi da rabi, na san gurbin rabin. Yanzu kin kashe ni."

Ya faɗi maganganun da ba a faɗa wa matar da ta durƙusa a cikin kwata don kayanka. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zani tana rawar sanyi har ya gama, sannan ta ce abin da ta ga za ta iya ke nan, ta shige ɗaki. Ita ke da gaskiya. Shi ma ya sani, kuma sanin ne ya ƙara masa zafi.

Washegari ya juye bahunan a tabarma, ya sa madubin idonsa, ya fara tsinta. Kusoshi ne masu kama da juna, wata ta fi wata tsawo da ɗan kaɗan, wata haƙorinta ya fi laushi. Yakan ɗauki ɗaya ya kai ta rami, ta shiga rabi ta tsaya. Ya san ya taɓa riƙe ta, ya san ya wanke ta, bai san inda ta fito ba. Ƙanin matar ya nemi izini a gareji ya zo, wannan karon ba tsokana a bakinsa. Ya ce a manta da injin, a mayar da tayoyi kawai a tura ta waje. Suka yi ta gwaji har na baya suka zauna. Na gaba suka ƙi, don manyan notocin da ke riƙe su babu su a ko wane baho.

Suka buɗe magudana. Mai Agogo ya tuɓe riga ya shiga kwata har gwiwa, yana ɗebo laka da rariyar matarsa yana tacewa, mutane na wucewa suna kallo. Ya samo washa biyu da cokali. Ƙanin ya zaga kasuwa da ƙarfen da notocin ke hawa a hannu, kowa ya gwada nasa notin ya girgiza kai, wai haƙorin na zamanin da ne, an daina yin irinsa. Mai tsofaffin kayan nan ya ce a ba shi lokaci zai tambaya. Lokacin ne kuwa babu, magini ya iso bakin ƙofa.

Mai Agogo ya je gidan mai haya, ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Mutumin ya ɗaga shi, ya ce ya riga ya karɓi 'yan hayar shagunan, amma zai sa a dakata har a kawo bulo na gaba. Aka tara maza a unguwa don a ɗauke ta a kafaɗa. Suka zura sanduna a ƙarƙashi, suka ɗaga, ta taso kamar taƙi ɗaya, sanda ta karye, gaban motar ya faɗi a siminti, saura kaɗan ya datse ƙafar mai shayin unguwar. Kowa ya karkaɗe hannu ya yi masa jaje ya tafi. Bulo ya iso da wuri. Yana zaune a kan taya ya ga hasken ƙofar yana raguwa layi bayan layi, har ya zama 'yar ƙofa.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa bai jira an kira shi ba. Ya zo da amalankensa ya tsaya a waje, ya yi sallama da ladabi, ya ce ya ji abin da ya faru. Mai Agogo ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ƙara da cewa za a yanka ta gida-gida, a fitar ta 'yar ƙofa, a kai bayan gareji a sake haɗawa. Ya auna ƙofar da igiya, ya auna motar, ya ɗauki ƙusa ya ja layuka a jikin fentin, yana kauce wa duk inda ƙarfe ke ɗauke da nauyi. Ya kira mai walda.

Mai walda ya bi layukan da yatsa, ya ce an ja su da hankali. "Amma Malam, in gaya maka gaskiya tun ban kunna wuta ba. Motar da aka yanka haka, ko an haɗa, a karkace za ta riƙa tafiya. Ba mai sa ta haya."

"Kunna."

Rufin aka fara cirewa. Da wuta ta bi ta kansa ya lanƙwashe, fentin ya ƙone ya tattare. Su uku suka karkata shi suka fitar. A waje ba abin ɗauka sai amalanken mai ƙarafa.

"Ɗora, Malam," in ji shi. "In ka ce gareji, gareji za mu. In ka ce sikeli, sikeli."

Suka ɗora shi a kan wani ruɓaɓɓen gado da murfin firji. Mai Agogo ya ja baya ya duba. Ya nemi motar kawunsa a jikin abin nan bai gan ta ba, falle ne na ƙarfe a cikin 'yan'uwansa. Matarsa na tsaye a bakin 'yar ƙofar. Tun ranar ruwa bai yi mata magana ba. Ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai abin ɗorawa yau. Ta ce tun da aka fara wannan ruwan shanya ba ta bushewa, masu kaya sun kai wani wuri, abin da ke cikin buhu jiya ya ƙare.

Ya juyo wajen amalanken. Sannan ya ce wa mai ƙarafa, "Sikeli."

Ya koma ciki. Mai walda ya duƙa yana neman layi na biyu. Mai Agogo ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya bar bin layin, ya yanka ta inda ya fi masa sauƙi.